Farautar Ɓoyayyiyar Ajiya: Wace Na'ura Ta Dace Da Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Ran 3 ga watan Mayu na shekarar 2000, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokitin roba ya nufi wani daji kusa da Beavercreek, a jihar Oregon ta Amurka. Cikin bokitin ya zuba littattafai, da faifan bidiyo, da 'yan kuɗi, da gwangwanin wake, da danƙon harbin tsuntsu, sa'an nan ya haɗa da littafin da duk wanda ya zo zai rubuta sunansa. Da ya ɓoye shi sai ya duba wata 'yar na'ura da ke hannunsa, ya kwafe lambobin da ta nuna masa, ya koma gida ya watsa su ta intanet, ya ce wanda ya iya ya je ya nemo. Sharaɗinsa guda ne: wanda ya ɗauki wani abu, to, ya ajiye wani a madadinsa. Ba a yi kwana uku ba sai ga mutane sun gano bokitin, ba tare da an yi musu kwatance da kuka ko tsamiya ba, lambobin nan kurum suka bi.

Wannan shi ne mafarin wasan da Turawa ke kira jiyokashin, watau farautar ɓoyayyiyar ajiya. A watan Satumba na wannan shekara wani mai suna Jeremy Irish ya buɗe wa wasan zaure a intanet da ajiya 75 kacal. Yau ajiyoyin da aka yi wa rajista sun haura miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190, ko da yake mafi yawansu a Turai da Amurka ta Arewa suke. A wurin da bokitin Ulmer ya zauna kuwa an kafa allon tunawa, masu sha'awar abin suna kai masa ziyara. Ba kuma wani sabon hali ba ne ga ɗan Adam, domin tun 1854 masu yawon daji a Dartmoor ta Ingila suke barin katinsu cikin kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa don na baya su tarar. Bambancin kawai shi ne su da kwatance da kamfas suke nema, na yanzu kuwa da taurarin ɗan Adam.

To, me ya sa Ulmer ya zaɓi wannan rana? Dalili shi ne abin da ya faru kwana guda kafin nan. Tsarin GPS na sojojin Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka kammala shi a 1995. Tun 1983, bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya ya shiga sararin samaniyarta, Shugaba Reagan ya yi alkawarin za a bar farar hula su amfana da tsarin. An cika alkawari, amma da ƙulli a ciki: da gangan aka riƙa gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har kuskurensa yakan kai mita 100. Mutumin da ke neman bokiti a daji, aka ce masa yana nan cikin fili mai girman filin ƙwallo biyu ko uku, ai ba a taimake shi da kome ba. Daren 1 ga Mayu, wayewar 2 ga wata, a shekarar 2000, bisa umurnin Shugaba Clinton aka daina wannan gurɓatawa. Dare ɗaya na'urorin da ke hannun mutane suka ƙara ƙwarewa wajen ninki goma, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsu ba.

Ya kamata mai niyyar saye ya riƙe wannan labari, domin akwai darasin ciniki a cikinsa. Rabin aikin na'urar nan ba a cikinta yake ba, a sama yake, kuma kyauta ne ga mai tsada da mai araha baki ɗaya. Taurarin suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a yini, yana ta shelar inda yake da kuma lokacin da agogonsa ya nuna. Na'urar hannu saurare kawai take yi. Takan auna daɗewar da saƙon kowane tauraro ya yi kafin ya iso, daga nan ta san nisansa. Da yake saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Agogon da ke cikin na'urar hannu kuwa bai kai wannan ƙwarewa ba, shi ya sa take bukatar taurari huɗu a ƙalla: uku don gano wuri, na huɗu don gyara agogonta. Ba ta bukatar layin waya, ba ta cin kati, ba a biyan kuɗin wata. Amma fa a lura, tun da ji take yi ba ta magana, ba za ta iya kiran kowa ba idan mutum ya karye a daji. Na'urorin da ke aika saƙon neman agaji wani jinsi ne dabam, masu tsada, kuma su ana biya musu kuɗin hidima.

Tambayar farko da ya kamata mai karatu ya yi wa kansa ita ce, shin yana ma bukatar sayen wani abu? Kusan kowace wayar zamani tana da kunnen jin taurarin nan a cikinta, kuma da ita akasarin masu wasan suke farauta a yau, ta manhajar da kamfanin Groundspeak na birnin Seattle ya tanada. Ɗalibin da ke karatu a Jamus ko Ingila, wanda yake son ya nemi ajiya biyu uku a lambun shaƙatawa ran Lahadi, wayarsa ta ishe shi, sayen na'ura a gare shi almubazzaranci ne. Haka kuma wanda ke zaune a inda ajiyoyin ba su da yawa, kamar yadda abin yake a galibin Afirka ta Yamma, lalle ne ya fara buɗe taswirar wasan ya ƙirga nawa ne ke kusa da shi. Rajista kyauta ce. Wanda ya sayi linzami alhali babu doki a garinsu, shi ya so.

Inda waya ke gazawa shi ne inda tafiya ta yi nisa. Allonta mai cin wuta ne, idan aka bar shi a kunne ana bin taswira da wuya batirin ya kai yamma. Cikin tsakar rana ba a ganin rubutunta sosai. Idan ta faɗi kan dutse ko cikin rafi kuwa, ba farauta kaɗai ta tsaya ba, hanyar kiran gida ma ta yanke. Nan ne na'urar hannu take da ranarta, kuma daga nan ne ake gane abubuwan da suka cancanci a biya musu kuɗi.

Na gaba duka shi ne batir. Na'urar da ke cin batir biyu irin na AA, waɗanda ake sa wa ƙaramar tocila, ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi bisa wadda aka rufe batirinta a ciki. Dalili a fili yake: idan wuta ta ƙare a tsakiyar daji, ana zare biyu daga aljihu a maye gurbinsu cikin minti guda, waccan kuwa sai an nemi inda za a yi caji. Bugu da ƙari, batirin da aka rufe yakan tsufa cikin 'yan shekaru, ya ja na'urar su tafi tare. Sai dai a guji batir na kwabo-kwabo, domin ba ya jimawa a irin wannan aiki. Mai son tattali ya sayi waɗanda ake sake yi wa caji, ya kuma shiga cikin tsare-tsaren na'urar ya gaya mata irin batirin da ya sa, in ba haka ba ma'aunin wutar zai riƙa yi masa ƙarya. Idan kuma za a ajiye ta wata da watanni, a cire batirin, don kada ya zubo ya cinye ƙarafan ciki. Na'urori da yawa ba faɗuwa ce ta kashe su ba, ajiya ce.

Sai jure ruwa. A jikin kwali za a ga an rubuta IPX7. Ma'anarsa ita ce na'urar za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30 ba ta lalace ba. Wadda ba ta da wannan shaida, ko nawa aka rage mata, ba ta daji ba ce.

Batun da ya fi ruɗa masu saye, wanda kuma 'yan kasuwa suka fi cin kuɗi a kansa, shi ne daidaito. Za a ce wa mutum wannan tana jin taurarin Amurka kaɗai, waccan tana haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, wata kuma tana sauraron kowane tauraro ta zango biyu. Duk gaskiya ne, kuma suna da amfani a ƙarƙashin itatuwa masu duhu, ko cikin kwazazzabo, ko tsakanin dogayen benaye, inda rabin sama yake a rufe kuma saƙo yakan bugi bango kafin ya iso. Amma a fili fetal, ƙaramar na'ura ta zamani takan kai mutum cikin mita 3 zuwa 5 daga inda ya nufa. Ga kuma abin da mai talla ba zai faɗa ba: lambobin da ake bi ɗin, wani ne ya auna su da tasa na'urar ran da ya ɓoye ajiyar, wataƙila shekara goma da suka wuce, wataƙila yana sauri hadari ya taso. Kuskurensa yana nan cikin lambobin har abada. Ko da mai nema ya riƙe na'urar masu safiyo wadda ba ta kuskuren taku ɗaya, iyakarta ta kai shi daidai inda kuskuren wancan ya nuna. Saboda haka ne tsofaffin 'yan wasan suke sa na'ura a aljihu idan saura mita goma, su koma aiki da ido: wane dutse ne aka jingina ba bisa ɗabi'a ba, wane kogon itace ne aka toshe da ƙiraruwa. Ninka kuɗi sau uku don a rage mita biyu, a wannan wasa dai, asara ce.

Akwai wani abu guda da ya fi yawan taurari tasiri a kan jin daɗin mai farauta, shi ne kamfas na lantarki. Na'urar da ba ta da shi ba ta san inda mutum ya fuskanta ba sai yana tafiya, domin daga motsinsa take lissafin alƙibla. Da ya tsaya cik, ko ya rage sauri kusa da ajiya, sai kibiyar ta shiga juyi kamar an sa mata aljanu, ta nuna gabas ta nuna yamma. Sabon shiga yakan ɗauka na'urar ta lalace, alhali kuwa lafiyarta lau. Magani biyu ne. Ko dai a ƙara kuɗi a sayi mai kamfas, ko kuwa a sayi kamfas na allura mai araha a rataya a wuya, a karanta digirin da na'ura ta bayar a bi shi da allurar. Na biyun ya fi sauƙi ga aljihu, kuma ba ya cin batir.

Idan aka zo ga sunaye, gaskiyar magana kasuwar ta ƙuntata. Kamfanin Magellan ne ya fara fitar da ta hannu a 1989, mai suna NAV 1000, a kan dala wajen 3,000, amma yau kamfanin Garmin, wanda Gary Burrell da Min Kao suka kafa a wannan shekarar, shi ya mamaye fagen, kuma jerinsa na eTrex shi ne na masu ƙaramin ƙarfi. A 2011 ya fitar da eTrex 10, mai allo baƙi da fari, mai jin GPS da GLONASS, wadda batir biyu ke riƙe ta sa'a 25. Ba ta da gurbin katin ajiya, taswirarta kuwa ta manyan garuruwa da manyan hanyoyi ce kurum, ba ta da kamfas na lantarki. Duk da haka tana karɓar fayil irin na GPX, watau mutum zai iya zuba mata sunayen ajiyoyi da bayaninsu da alamun taimako daga kwamfuta, ba sai ya yi ta buga lambobi da hannu ko ya ɗauki takardu ba. Wannan siffa ita ce iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba.

A 2019 aka fitar da eTrex 22x a kan dala 200, da 32x a kan dala 300. Dukansu allonsu mai launi ne, suna da taswira a ciki da gurbin ƙaramin kati. Dala ɗarin da ke tsakaninsu kuɗin kamfas na lantarki ne da ma'aunin tudu mai aiki da nauyin iska. Mai hawan duwatsu zai ga amfanin ma'aunin, mai neman gwangwani a gindin itace kuwa da wuya. A nan akwai tarkon da ya kamata wanda zai yi saƙo daga waje ya sani: taswirar da ke ciki ta yankin da aka sayar da na'urar ce. Wadda aka sayo a Amurka taswirar can take ɗauke da ita, idan aka kunna ta a wata nahiya sai a ga kusan fili fari. Ana iya gyara wannan ta zuba taswirorin OpenStreetMap na kyauta a kan kati, amma aiki ne da ke son haƙuri da ɗan sanin kwamfuta.

Sa'an nan a 2023 eTrex SE ta fito a kan dala 150. Ta koma allo baƙi da fari, ba a zuba mata cikakkiyar taswira, amma tana da kamfas, tana jin taurarin ƙasashe da yawa, kuma kamfanin ya ce batir biyu za su riƙe ta har sa'a 168, watau mako guda cur. Tana haɗuwa da waya ba tare da igiya ba don karɓar bayanin ajiyoyi. Ga wanda farautar ajiya ce kaɗai bukatarsa, a ra'ayin wannan fili, ita ta fi dacewa da kuɗinta: taswira a duba a waya kafin a bar gari, kibiya da nisa a bar wa na'ura. Wanda kuwa yake shiga wuraren da bai sani ba, yana so ya ga rafi da hanya a tafin hannunsa, 22x ce tasa. Waɗannan farashi na lokacin fitowarsu ne a Amurka, kuɗin dako da na kwastan suna zuwa a kai.

Saura kayan gwanjo, inda araha take, inda kuma cuta take. Na'urorin nan masu ƙarko ne, wadda ta shekara goma tana iya aiki sumul. Amma kada a yi cinikin biri a sama. A fita da ita waje, a sa batir, a kunna. Idan ta daɗe a kashe, ko an kawo ta daga wata ƙasa, tana iya ɗaukar minti goma sha biyar kafin ta kama taurari karo na farko, wannan ba aibi ba ne. A kashe a sake kunnawa: karo na biyu ya kamata ta kama cikin minti guda ko ƙasa da haka. A buɗe murfin batir a duba ko akwai tsatsa ko farin gari, a duba robar da ke kewaye da jikinta ko ta saki, domin ta nan ruwa ke shiga. A duba kwanan watan da take nunawa, saboda ran 6 ga Afrilu 2019 ƙidayar makonni ta tsarin GPS ta cika ta koma sifiri, wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta ba suka rikice a lissafin kwanaki. A kuma duba bakin da ake sa mata igiya. Tsofaffin eTrex masu ruwan ɗorawa na farkon shekarun 2000 ba su da USB, igiyarsu irin ta da ce wadda kwamfutocin yanzu ba su da gurbinta, neman mahaɗinta kuwa yana iya cinye ribar da aka samu a ciniki.

Bayan saye, akwai saiti biyu da in aka kuskure su, mai tsada da mai araha duk ɓata za su yi. Na farko ma'aunin taswira. Wasan yana aiki da wanda ake kira WGS84. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma lamba ɗaya a ma'aunan biyu tana nuna wurare biyu da ke da tazarar fiye da mita 50. Na'urar da ta fito daga hannun mai safiyo, a duba wannan tun kafin a fita. Na biyu yadda ake rubuta lambobin. Masu wasan suna rubuta digiri, da minti, da ɓurɓushin minti har gida uku. Digiri 9 da minti 30 daidai yake da digiri 9.5. Wanda ya buga 9.30 a na'urar da aka saita kan digiri zalla ya kauce da minti 12, kuma tun da kowane minti na arewa ko kudu mita 1,852 ne, ya bar wurin da kilomita 22. Zai yini yana zargin na'ura, alhali yatsansa ne ya yi ɓarnar.

Wani abin kuma ba a sayensa a kanti, shi ne lura da idon jama'a. A watan Yuli na 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani mutum yana laɓe-laɓe yana tura ƙaramin akwati ƙarƙashin tukunyar furanni a tsakiyar kasuwa. Aka kira 'yan sanda, aka rufe kantuna na wasu sa'o'i, sojoji masu kwance bom suka zo suka tarwatsa akwatin. Ajiyar 'yan wasa ce. Idan haka ta faru a ƙasar da aka san wasan, mai karatu ya auna yadda za ta kasance a inda ba a taɓa jin labarinsa ba, kuma hankalin mutane a tashe yake game da tsaro. Dokokin wasan da kansu sun hana binne ajiya a ƙasa, sun hana sa ta kusa da barikin soja da filin jirgin sama da makamantansu, sun wajabta neman izinin mai wuri, sun kuma ce a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Kowace ajiya tana da maki daga 1 zuwa 5 na wuyar ganowa, da wani makin na wuyar hanya. Sabon shiga ya fara da masu maki 1 ko 2, da rana, tare da aboki, ya kuma gaya wa mutanen gida inda ya nufa. Kafin ya bar bakin hanya ya danna maɓalli ya adana wurin da ya ajiye mota ko babur, ya sa masa suna, domin da shi zai nemi hanyar komowa idan rana ta yi gora ko batirin waya ya mutu.